Amsar Oga: Shin faɗaɗa salansa yana ƙara wa turbo ƙarfi?

Ɗana, jiya da muke rufe gareji ka tambaye ni ko gaskiya ne idan an sa wa mota mai turbo babban salansa, matsin iskar da take tura wa inji, wanda muke kira bust, zai ƙaru. Na ce ka bari sai na natsu, domin tambaya ce da makanikai da yawa suke amsawa da ka.

Ka tuna turbon da muka kwance a kan benci. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin inji yana juya ta baya, ta gaba kuma tana cusa iska cikin inji, kuma sandar takan haura juyi 100,000 a minti ɗaya. Abin da yake juya fankar baya shi ne bambancin matsi tsakanin inda hayaƙi yake shiga da inda yake fita. Mu ɗauka fankar tana buƙatar matsin gabanta ya ninka na bayanta sau biyu. Idan matsin bayanta, haɗe da na iskar sarari, ya kai 1.3 a ma'aunin matsi na bar, dole na gabanta ya kai 2.6; idan ka buɗe hanya ya sauka zuwa 1.1, to 2.2 ya wadatar. Ka rage 0.2 a baya, inji ya sami sauƙin 0.4 a gaba, fistin ya daina wahalar tunkuɗa hayaƙi, turbo kuma ya riƙa tashi da wuri. Saboda haka zancen da ake yi cewa inji yana son a ɗan toshe masa hayaƙi ba shi da gurbi a bayan turbo.

Sai dai ba kowane ɓangare na salansa ne yake da wannan tasiri ba. Bututun farko da yake fita daga turbo, tare da matatar hayaƙin da muke ce wa indomi, su ne wurin cunkoso. Tukunyar ƙarshe da samari suke canzawa, galibi ƙara kawai take ba su.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Salansa ba shi ne yake yanke yawan bust ba. Akwai wata ƙaramar ƙofa a jikin turbo, wesget, mai ɗan ƙaramin murfi, kuma aikinta shi ne ta karkatar da rarar hayaƙi ya kauce wa fankar da zarar matsi ya kai iyakar da aka tsara. A tsofaffin motoci sifirin ne yake riƙe ta a rufe, matsin iska kuma ya buɗe ta, a sababbi irin Honda Accord ta 2018 mai inji 1.5 kuwa lantarki ne, bisa umarnin kwamfutar mota. Idan ka faɗaɗa salansa, kwamfutar za ta ƙara buɗe ƙofar, bust ya tsaya inda yake, sai dai ya riƙa zuwa da wuri. Mai mota zai ji ta yi sauƙin tashi, ya rantse an ƙara masa bust, alhali agogon auna bust bai nuna haka ba.

Matsala tana tasowa ne idan ƙofar ta buɗe iya buɗewarta amma ramin ya yi wa hayaƙin kaɗan, musamman da yake hanyar fanka ta yi sauƙi yanzu. Sai matsi ya riƙa hawa a hankali yayin da juyin inji yake ƙaruwa, kuma Subaru WRX ta yi suna da wannan hali idan an cire mata indomi. An taɓa kawo mini wata mota da mai walda ya zuba wa bututu inci 3. A cikin gari lafiya lau, amma da na taka totur a giya ta huɗu da sanyin safiyar hunturu, allura ta wuce iyaka, motar ta yanke wuta kamar an ja ta ta baya, na'urar gano matsala kuma ta nuna lambar P0234, wato bust ya yi yawa. Kwamfuta ce ta ceci injin. Da ba ta yanke ba, iska za ta fi fetur yawa, wuta ta kama kafin lokacinta, fistin ya narke.

Maganinsa shi ne a faɗaɗa ramin ƙofar, ko a mayar da indomi mai yalwar hanya, sannan wanda ya san aikin ya sake saita kwamfutar. Ni ban yarda da cire indomi ɗungurungum ba, ko don hayaƙin da mu da kanmu muke shaƙa a gareji.

Gobe motar da take nuna P0299, wato ƙarancin bust, kai za ka fara duba ta. Kada ka taɓa turbonta tukuna. Ka fara neman baƙin tabon hayaƙi a gaskit ɗin da yake gabansa, ka bi robobin iska ko akwai wanda ya tsage, sannan ka kwance bututun farko ka haska tocila ka ga ko indomin ya narke ya toshe. Ka rubuta mini abin da agogo ya nuna kafin ka kwance, da kuma bayan ka ɗaura.