Gefen gona da shekara ta bakwai

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa Yahudawa ke kiran sadaka "tsedaƙa", alhali a Attaura ma'anar kalmar adalci ce. A wurinsu abin da matalauci ya karɓa haƙƙinsa ne, ba alfarma aka yi masa ba. Saiwar kalmar ma ɗaya ce da ta sadakarmu.

Daga gona al'adar ta taso. Littafin Firistoci na cikin Attaura, sura 19, ya hana manomi girbe gefen gonarsa, ya kuma hana shi komawa yin kala. Maimaitawar Shari'a 24 ta ƙara da cewa damin da ka manta a gona ya fita hannunka, ya zama na baƙo da maraya da gwauruwa. Zaitun ma kaɗawa ɗaya ake yi masa. Attaura ba ta yanke faɗin gefen ba, sai daga baya malaman Mishna, wato kundin dokokin baka na Yahudawa, suka ce kada ya gaza kashi 1 cikin 60. Har zangarniya suka ƙirga: biyu in sun faɗi wuri guda kala ce, uku kuwa na mai gona ne. Kuma mai gona ba ya zaɓen wanda zai ɗiba, don kada ya tara wa 'yan uwansa. Da irin wannan kala Rut, gwauruwar da Littafin Rut ya ba da labarinta, ta koma gida da sha'ir kusan efa guda (babban ma'aunin hatsi na lokacin) a yini ɗaya.

Inda dogara ga Allah ke shiga da gaske shi ne kowace shekara ta bakwai: ba shuka, ba girbi, ƙasa ta huta. Firistoci 25 ya san mutum zai ce to me za mu ci, sai ya yi alkawarin cewa amfanin shekara ta shida zai isa shekara uku. Wanda bai amince da wannan ba, ai fartanya zai ɗauka.

A nan fa aka riƙa tuntuɓe. Shekarar tana yafe bashi, don haka da ta ƙarato sai masu hali su daina ba da rance, duk da gargaɗin Maimaitawar Shari'a 15. Ganin talaka ne ke kwana ciki, Hillel, wani babban malamin Yahudawa na da, ya kawo "furozbul", takardar da ke miƙa bashin ga kotu don a iya karɓarsa bayan shekarar. A ganina dabara ce ta tausayi, amma ta tona yadda zukata suka yi rauni.

Ka gaida mahaifiyarka.