Farin garin da muke zubawa a abincin kaji

Jiya da muna ɗinke buhuna ka ce mini: "Maigida, na ga ka rage tunkuzar gyaɗa a haɗin kajin nama, ka zuba wani farin gari ɗan kaɗan. Ba za a ce mun yi algus ba? Ai takardar buhun maƙwabcinmu ta fi tamu yawan furotin." A lokacin injin yana ta ƙara, ban samu na amsa ba. Zauna nan ka ji.

Yaro, kaza ba ta cin lambar da ke jikin buhu. Furotin ɗin da kake ji ba abu ɗaya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne iri ashirin da ake kira amino asid, a sarƙe da juna. Cikin kaza yana warware su, jikinta ya sake ƙulla su ya yi tsoka da gashi. Wajen rabinsu jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole su zo ta baki. To ka ɗauki randar da ta tsage a tsakiyar cikinta. Ko ka wuni kana ɗebo ruwa, iyakar tsagar zai tsaya. Haka ƙwayar da ta fi ƙaranci a abinci: ita ce tsagar, girman kazar a nan zai tsaya, sauran kuma su bi kashi.

Masara furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ba, kuma laisin ɗinta, ɗaya daga ƙwayoyin nan da dole su zo ta baki, kaɗan ne. Tunkuza takan kai kashi 45, shi ya sa mutanen Maradi suke ganin girmanta, Maradi birnin gyaɗa ne tun zamanin Faransa. Amma laisin ɗin da ke cikinta wajen rabin na tunkuzar waken soya ne, metiyonin ɗinta ma, wata ƙwayar irin ta laisin, ba wani abin kirki. Ka tula ta, lambar buhu ta hau, tsagar randar tana nan inda take. Farin garin nan biyu su ne laisin da metiyonin tsantsa. Giram 200 zuwa 300 na kowanne a kilo 100 yana toshe gurbin da kilo da yawa na tunkuza ba su toshe ba. Ka kuma riƙe wannan wajen lissafi: garin laisin na kasuwa kashi 78 ne kawai laisin, na metiyonin kuwa kusan dukkansa ne.

Wannan ilimin, in gaya maka gaskiya, a kan aladu Turawa suka fi ƙware shi. Mu ba kiwonmu ba ne, amma cikinsu irin na kaza ne, ba sa tuƙa kamar akuya, don haka lissafin ya zo ɗaya. Sukan ɗauki laisin a matsayin 100, su auna sauran da shi: tiriyonin wajen 65, da sauransu. Bambancin shi ne a alade laisin ke fara ƙarewa, a kaza kuwa metiyonin ne, saboda gashi yana cinye shi. In ka ga tsaki gashinsu a hargitse, suna tsattsagar juna, ka fara zargin wurin nan bayan ka duba cunkoso.

Furotin ɗin da ya yi yawa fa ba ajiye shi jiki yake yi ba. Kazar sai ta sha wahala ta narke shi ta fitar, ta ƙara shan ruwa, shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, warin nan mai yaji ya tashi ya ci idonsu da huhunsu. Masu bincike sun auna cewa duk maki ɗaya da ka sauke daga lambar furotin, abin da ke haifar da warin a kashi yana raguwa da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Narkewar kuma zafi take ƙara wa jiki. A watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, kaji sun buɗe baki suna haki, ba ka ƙara musu wuta daga ciki.

Akwai kuma dalilin da nake tsoron tunkuza da yawa, wato fumfuna. Gyaɗar da ta sha laima tana yin gubar aflatoksin. A Ingila a 1960 talo-talo sama da dubu 100 suka mutu, da aka bi sawu sai ga tunkuzar gyaɗa ce daga Burazil. Duk buhun da ka ji warin rima a jikinsa, kada ya shiga injina ko kyauta aka ba ka.

Amma kada daɗin ragi ya ɗebe ka. Ni ya taɓa ɗebe ni. Wata shekara soya ta yi tsada a bakin iyaka, na sauke furotin da maki huɗu ina taƙama da gari biyun nan. Kajin suka yi kitse a ciki, ƙirji babu nama, mai su ya zo ya wanke ni tas a gaban yara. Ka toshe tsaga ta farko da ta biyu, ta uku tana sama kaɗan: tiriyonin, bayansa balin da gilaisin, waɗanda ba kullum ake samunsu a kasuwarmu ba. Tsaki 'yan kwanaki suna son kashi 22 ko 23, a ƙarshen kiwo 18 zuwa 19. Da abin da ke hannunmu maki ɗaya ko biyu nake ragewa, kuma a manya, ba a tsaki ba.

Abin da ya fi ɓata wa almajirai aiki shi ne gauraya. Giram 250 a cikin kilo 100 kamar gishiri ne a tukunyar biki. In ka watsa shi haka kawai, wata kaza ta ci duka, wata ba ta gani ba. Ka fara cuɗa shi a tiya ɗaya ta garin masara, ka juye a tiya biyar, sannan ya shiga babban haɗi. Kuma da ƙaramin sikeli, ba da cokali ko tafin hannu ba.

Tashi ka ɗauko shi, haɗin gobe kai za ka auna ina kallo.