Gangara ko tsaye, wanne ya fi cin aiki?

Tambaya: Malam, malaminmu na fiziks ya ce ko na ɗaga kaya tsaye ko na tura shi ta gangara, aikin ɗaya ne. Ni dai jikina bai yarda ba. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, malaminku yana da gaskiya, jikinki ma bai yi ƙarya ba. A ce akwati mai kilo 20 za ki kai saman dakali mai tsayin mita 1.5. Ki ninka 20 da 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa, sannan da 1.5: aikin jul 294 ke nan (jul shi ne ma'aunin aiki da makamashi). Aikin bai ɓace ba, ya zama makamashin da ke ajiye a akwatin saboda tsayinsa. Ki sake shi ki ji ƙarar da zai yi.

To, ki kafa katako mai tsawon mita 6 ki tura. Ƙarfin da za ki sa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma tafiyar ta ninka sau huɗu. Shi ya sa kike jin sauƙi. Sai dai a zahiri gogar akwatin da katako tana cin nata rabon, ta mai da shi zafi, don haka mai gangara ma ya ɗan fi kashe makamashi.