'Yata ta ƙi rabuwa da littafin da ke maganar mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. A Agege muke zaune. Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara uku. Babbar, mai shekara 15, ta aro wani littafin labari na matasa a wurin ƙawarta. Labarin wata yarinya ce da uwarta ta rasu, ita ma ciwo ya kwantar da ita rai a hannun Allah, wai tana auna ko ta zauna da danginta ko ta bi uwar. Ta karanta shi ya fi sau uku, kullum da kuka. In ƙwace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari.

Kada ki ƙwace tukuna. Ki karɓa ki karanta, idan kuma na Turanci ne ki sa ta ba ki labarin da bakinta.

Ki tuna yadda muke zaman makoki. A yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, ke ki shiga takaba wata huɗu da kwana goma, masu gaisuwa duk wurinki suke zuwa. Yaro fa? A shafa kansa a ce "yi haƙuri", a aike shi sayo ruwa. Babbar 'ya ma cewa ake yi ta daure saboda ƙanne. Ga shi a Legas kakanni da gwaggonni galibi suna can Arewa, waɗanda suka zo gaisuwa sun hau mota sun koma. Ina zaton kukan da ba ta samu ta yi ba bara ne take yi yanzu, littafin ne ya ba ta dalili. Kuka kuwa ba saɓo ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Na san abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne batun zaɓi, tunda ajali ba a hannun bawa yake ba. Gaskiya ne, kuma ki faɗa mata. Amma marubuta kan kai yarinyar labari bakin mutuwa ne don ta waiwayo ta ga wa ya rage mata: ƙane, kaka, ƙawa. Saboda haka ki lura da inda labarin ya karkata. Bincike a kan kafafen watsa labarai ya nuna labarin da ke ƙawata kashe kai, ko yake bayyana yadda ake yi, yana iya jan masu rauni su kwaikwaya. Wanda ke nuna mutum ya shiga ƙunci ya fita kuwa yakan taimaka. Idan nata irin na farko ne, ku rabu da shi, amma da bayani.

Wata rana kuna aikin girki, ki tambaye ta wane wuri ne ya fi sa ta kuka. Ki ambaci babanta da abin da yake so, ko da ke ma za ki yi hawaye.

Abin da zai sa ki tashi tsaye ba littafin ba ne. Idan ta daina cin abinci ko barci, ta guji ƙawaye, karatu ya lalace, tana rabar da kayanta, ko tana cewa gara ta bi Baba, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa wa yaro wannan tunani. Idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗaki, ki kai ta ga likita a ranar. Asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja yana kusa da ku. Akwai kuma asibitin koyarwa na jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ke da sashen yara da matasa a Oshodi. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.