Dole ne in miƙa bayanan ƙwayoyin halittar da na tattara?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya ko wajibi ne ki ɗora bayanan ƙwayoyin halittar yara masu sikila a rumbun Amurka tunda NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ce ta ba da kuɗin aikin, kuma ko yin hakan ba cin amanar iyayensu ba ne.

Sharaɗi ne, tun Janairun 2015. Sai dai ba a kasuwa ake baza su ba. A dbGaP, wato rumbun da NIH ke ajiye irin waɗannan bayanai, a kulle suke, mai so sai ya nemi izinin kwamiti, ya faɗi abin da zai yi da su, ya yi alkawarin ba zai nemi gano masu jinin ba.

Ni abin da ya fi damuna takardar amincewar da iyayen suka sa wa hannu ce. Ɗauko ta yau ki karanta. In binciken sikila kawai aka rubuta, iyakar abin da iyayen suka yarda ke nan, kuma da wannan iyakar za ki miƙa bayanan. Na daɗe ina zama da uwaye a asibiti nan Abuja, da goyo a baya, katin asibiti a hannu. Tsinin allura bai cika damunsu ba. Tambayarsu ita ce ina za a kai jinin, wa zai gani, kuma ko labari zai kai ga dangin miji. Gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 bai fita daga zukatan mutanenmu ba, don haka ki faɗa musu ƙarara cewa bayanan za su ƙetare teku, kuma abin da aka riga aka sauke ba ya dawowa.

Kada ki ce musu goge suna ya wadatar. A 2013 masu bincike a Amurka sun gano wasu mutane ta hanyar haɗa ƙwayoyin halittarsu da shekarunsu da jiharsu. Ga shi bayanan yaro ɗaya sun shafi ƙannensa da ba wanda ya tambaye su. Sunan ƙauye ma ki cire shi.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa irin waɗannan bayanai cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Samfurin jini kuwa ba ya fita ƙasar sai da yarjejeniya a rubuce bisa ƙa'idar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Ki duba tsarin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin halitta a Afirka, ya ba masu bincikenmu wa'adin fara wallafa sakamako kafin na waje, ki nemi irinsa don ɗalibanki. Takardun amincewar da ba su ambaci raba bayanai ba, ki mayar da su gaban kwamitin ɗa'a na asibitinku. In sun ce a sake neman yardar iyaye, a sake.