Kar ka buɗe wa duniya ƙofar 5432

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga saƙonka tun bayan Isha'i, na bari sai da na samu zama, domin amsar ba ta layi biyu ba ce.

Ka ce: "Oga, makon jiya na gwada kwashe rumbun bayanan nan na PostgreSQL daga sabar ofishin abokin cinikinmu zuwa RDS (hidimar rumbun bayanai ta AWS, wato sabobin haya na kamfanin Amazon) da hannu, ta allon AWS, komai ya tafi daidai. Yau na rubuta shi da Terraform (manhajar da ake gina kayan AWS da ita ta hanyar rubuta kod), na'urar DMS (hidimar AWS mai kwashe bayanai daga wani rumbu zuwa wani) ta tashi, amma gwajin haɗuwa sai ya yi ta jira har lokaci ya ƙare. Ko in sa 0.0.0.0/0 na ɗan lokaci, in an gama kwasa in rufe?"

A'a, kar ka sa, domin 0.0.0.0/0 na nufin a buɗe wa kowane adireshi a duniya ƙofar rumbun. Ko na awa ɗaya.

Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaya adireshin intanet suna ƙwanƙwasa sanannun ƙofofi, 5432 ta PostgreSQL, 3306 ta MySQL, 27017 ta MongoDB. A farkon 2017 an share dubban rumbunan MongoDB da masu su suka bari a buɗe, aka bar musu saƙon neman kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma abin da ke cikin rumbun nan sunaye ne da lambobin wayar mutanen da ba su san ka ba, amana ce aka damƙa mana. Bayan haka, abin da aka rubuta a kod da sunan "na ɗan lokaci" yakan zauna. Wani zai zo bayan wata shida ya kwafi fayil ɗin zuwa wani aikin, ƙofar ta bi shi a buɗe.

Mu zo ga ciwon naka. Ina kyautata zaton na san shi. Lokacin da ka yi da hannu, allon AWS ya yi maka abubuwa da dama a ɓoye ba tare da ya faɗa maka ba. Kod kuwa abin da ka rubuta kawai yake yi. Duba wurin da ka rubuta aws_security_group, wato maigadin da ka ajiye a ƙofar na'urar DMS. Idan AWS ya ƙirƙiri sabon maigadi, yakan ba shi umarnin barin komai ya fita. Terraform kuwa da gangan yake cire wannan umarnin. Idan ba ka rubuta dokar fita da hannunka ba, na'urar tana zaune a ɗaki an kulle ta, ba ta iya yi wa kowa magana. Kuma a wannan aikin ita ce ke fara magana: ita ke kiran tsohon rumbu ta ɗebo, ita ke kiran sabo ta zuba. Ba wanda ke kiranta. Saboda haka ba ta bukatar dokar shiga ko ɗaya, dokokin fita take bukata, ɗaya zuwa adireshin sabar ofis a kan 5432, ɗaya zuwa sabon rumbu a kan 5432.

A ɓangaren RDS kuma, kar ka rubuta adireshin na'urar. Rubuta sunan maigadinta. Ka ce wa maigadin RDS: duk wanda ya zo ɗauke da shaidar maigadin DMS, bar shi ya shiga ta 5432, kowa kuma a'a. Amfanin haka, in an rushe na'urar an sake ginawa adireshinta ya canza, dokar tana nan daram. Amsar da rumbu zai mayar ba sai ka rubuta mata doka ba, wannan maigadin yana tuna wanda ya fita, yana barin amsarsa ta dawo. Amma akwai wani shingen a bakin kowace sabnet (wato unguwa a cikin hanyar sadarwarka), sunansa NACL, shi ba ya tuna kowa. In wani ya taɓa matse shi, dole a buɗe wa amsa hanyar dawowa ta manyan lambobi, daga 1024 zuwa 65535. In ba a taɓa shi ba, bar shi yadda yake.

Ka koyi sauraren irin kukan da gwaji ya yi, domin kowanne da wurin da yake nunawa. Jira har lokaci ya ƙare, kamar naka, yana nufin saƙon bai isa ba ko amsar ba ta dawo ba, to hanya ce ko maigadi. In aka ce an ƙi haɗuwa nan take, saƙo ya isa sabar da rumbun yake, rumbun ne ba ya saurare a wannan ƙofar, sai ka duba saitin listen_addresses na PostgreSQL. In kuwa ya ambaci pg_hba.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa aka yarda ya shiga rumbun, ko kalmar sirri, ka yi murna, hanya ta buɗe, saura izini. Yara da yawa sukan ɓata yini suna canza kalmar sirri alhali saƙon ko fita bai yi ba. Kunna VPC Flow Logs, wato rajistar shige da fice ta VPC, keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarka a AWS, ka nemi inda aka rubuta REJECT, zai nuna maka inda aka tare ka.

Idan ka gyara dokar fita gwajin ofis bai ci ba, to tambayar ita ce ta wace hanya na'urar za ta isa ofishin nasu a Kano. Hanya biyu ce. Wadda na fi so ita ce VPN, wato kullallen rami tsakanin ofis da VPC, AWS na ba da rami biyu a kowace haɗuwa, ka sa mai kula da na'urorin ofis ya ɗaura duka biyun. Amma kafin nan tambaye shi jerin adireshin da suke amfani da shi a ciki. Kowa na son 10.0.0.0/16. In ofis na amfani da shi, kai ma ka ba VPC ɗinka shi, na'urar za ta ɗauka sabar ofis maƙwabciyarta ce a cikin gida, ta yi ta nemanta a inda ba ta. Wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi, gara ka canza lambar yanzu tun ba a zuba komai ba. Hanya ta biyu, na'urar ta fita intanet ta NAT, wato mafitar da na'urorin ciki ke bi, mai tsayayyen adireshi, a ofis kuma katangar tsaronsu ta buɗe wa wannan adireshi guda ɗaya tak, mai /32 a ƙarshe. Tana aiki, sai dai bayanai na bin titin kowa da kowa, don haka kulle su ya zama dole.

Nan ne maganar ssl_mode ta shigo, wato saitin SSL, tsarin da ke kulle bayanai a kan hanya. In ba ka rubuta komai ba, none ake ɗauka, wato bayanai tsirara. Matakai huɗu ne: none, require, verify-ca, verify-full. Require yana kulle bayanai amma ba ya tambayar wanda ke ɗaya gefen ko wane ne. Verify-full yana duba takardar shaidar sabar, ya kuma tabbatar sunan da ke jikinta shi ne sunan da ka kira. Shi nake so, musamman in ta intanet za a bi. Sai ka shigar da takardar ta aws_dms_certificate, kuma ka kira sabar da sunanta, ba da lambar adireshi ba, in ba haka ba sunan ba zai dace ba. Ka kuma sani, daga PostgreSQL 15 zuwa sama RDS kan zo da tilasta SSL a kunne, to none ba zai ma wuce ba. Kar ka kashe tilascin don gwaji ya ci.

Layuka biyu kuma ka rubuta su tun yau, domin ba sa canzuwa sai an rushe na'urar. Na farko publicly_accessible, ka sa false da hannunka, don a wurin AWS in ba a faɗa ba true ne. Na biyu makullin KMS, ma'ajiyar makullai ta AWS, da za a kulle faifan na'urar da shi. DMS na ajiye wasu bayanai a faifanta yayin kwasa, RDS ma haka yake, tun wajen ƙirƙira ake zaɓar kulle shi. Ga kuma sabnet: a ba ta aƙalla biyu a shiyyoyi biyu daban, duka na ciki, marasa hanyar kai tsaye zuwa intanet.

Wani abin da allo ya yi maka a ɓoye shi ne matsayin IAM, tsarin ba da izini na AWS, mai suna dms-vpc-role. A wannan asusun ya riga ya wanzu tun gwajinka na makon jiya, shi ya sa ba ka ji kukansa ba. Ranar da ka kai kod ɗin asusun abokin ciniki, sabo fil, zai faɗi tun a matakin sabnet. Rubuta shi a kod da wannan sunan daidai, harafi da harafi, ka liƙa masa AmazonDMSVPCManagementRole, ka sa depends_on don sauran su jira shi. Haka ma dms-cloudwatch-logs-role, in ba shi ba za ka ga rahoton abin da ke faruwa ba. Kuma kar ka gaji ka ba wani matsayi izinin komai da alamar tauraro (*). Kutsen da aka yi wa bankin Capital One na Amurka a 2019, wanda ya shafi mutum kusan miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, ta katangar da ba a saita daidai ba aka shiga, sannan aka samu matsayin da izininsa ya wuce aikinsa. Hukuma ta ci su tarar dala miliyan 80 a 2020.

Na leƙa fayil ɗin da ka turo, na ga kalmar sirrin rumbun a ciki, ka sa mata sensitive = true. Wannan daga allo kawai yake ɓoye ta. A fayil ɗin state, inda Terraform ke ajiye bayanin abin da ya gina, tana nan a rubuce ƙarara, duk mai iya buɗe shi ya karanta. In kuma ka riga ka tura ta Git, ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin duk canji, ɗauka ta fita, a canza ta gobe da safe, goge layin ba ya goge tarihi. Ajiye ta a Secrets Manager, ma'ajiyar sirri ta AWS, ka ba DMS adireshin sirrin da matsayin da zai iya karanta wannan sirrin guda kaɗai. Sai dai ka tuna na'urar tana sabnet na ciki, kuma ka matse fitarta. Dole ka yi mata hanyar zuwa Secrets Manager, ka ƙirƙiri mashigar VPC ta wannan hidimar ka buɗe 443 zuwa gare ta. In ka manta, za ka sake ganin irin jiran nan, ka ɗauka rumbu ne alhali sirrin ne ba ta iya ɗaukowa ba. Asusun da DMS zai shiga da shi a tsohon rumbu ma a ƙirƙiri nasa na musamman, kar a ba shi na aikin yau da kullum. A sabon gida kuwa DMS ba ya kawo masu amfani da izininsu, kai za ka rubuta su, kuma dama ce ta zubar da asusun ma'aikatan da suka bar aiki tuntuni.

Tun da na ga sabobin AWS na ƙasar Ayalan (Ireland) ka zaɓa, ka tabbata masu bayanan sun sani kuma sun amince a rubuce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta yi magana a kan fitar da bayanan mutane waje. Wannan ba hukuncinmu ba ne mu kaɗai, a sa lauyansu ya duba.

Abu na ƙarshe ya taɓa cina, shi ya sa nake nanata shi. Don DMS ya riƙa bin sauye-sauye bayan kwasar farko, za ka mai da wal_level, saitin tarihin sauye-sauye na PostgreSQL, ya zama logical, shi kuma zai buɗe gurbin kwafi a tsohon rumbu. Muddin gurbin na nan, PostgreSQL ba zai zubar da tarihin sauye-sauyen da ba a karɓa ba. Wata shekara mun yi wa wani kamfani irin wannan aikin, layinsu ya yanke ranar Juma'a da yamma, aikin kwasa ya tsaya, ba wanda ya lura. Tarihi ya yi ta taruwa har faifai ya cika, rumbun da suke ciniki da shi ya tsaya cak. Na ga fuskar mai kamfanin a ranar, ban manta ba har yau. A nan inda wuta da layi ke ɗaukewa ba sallama, ka sa ƙararrawa a kan cikar faifan tun kafin ka fara. Ranar da aka gama kuma, ka duba pg_replication_slots da idonka, in gurbin na nan ka cire shi, ka goge asusun DMS, ka sa a rufe ƙofar ofis, ka rushe na'urar. Ka ware duk kayan kwasa a fayil nasu daban tun yanzu, don rushe su kar ya taɓa sabon rumbun.

Gobe in Allah ya kai mu, ka fara da dokar fita, ka gudanar da terraform plan don ganin abin da zai canza, kar ka yi apply, wato aiwatarwa, tukuna. Turo mini abin da ya fito, tare da jerin adireshin ofis, mu karanta shi tare bayan Azahar.