Tambaya da amsa: Yaya za mu tsare amfanin gona daga gobarar hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye a yankin Ringim. Bara wuta ta taso daga daji ta cinye wa maƙwabcina dammunan geronsa da harawarsa, kafin 'yan kwana-kwana su iso komai ya zama toka. Me ya kamata mu yi kafin hunturun bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar masa da alheri, ya kiyaye gaba.

Kada ku dogara da motar kwana-kwana. A kira 112 ko ofishinsu mafi kusa, amma kafin mota ta baro gari ta biyo burji, wutar kara ta gama aikinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na busowa daga arewa maso gabas, ciyawa ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa.

Babban maganin shi ne tazara. Da zarar an gama girbi, a yi gayya a share fili ƙal, faɗin taku goma, a kewaye wurin da aka jibge dami da rumbuna, a fi faɗaɗawa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Inda gamba ta fi tsayin mutum, a ƙara, domin harshen wuta na tsallake siririyar hanya. Abin da nake yawan gani yana ba ni takaici shi ne rumbu jingine da danni, danni manne da jinkar ɗaki, harawa kuma a kan rumfa dab da madafa. Wannan ai shimfiɗa wa wuta tabarma ne. A raba su. Kuma kada mutum ya tara noman shekara a wuri guda.

Sai masu tayar da wutar. Yawanci ba daga nesa take ba: samari masu farautar gafiya da ke cusa wuta a rami, masu cire zuma, mai ƙona sassabe da tsakar rana, da kaskon jin ɗumi da aka kwana da shi. Nan aikin mai unguwa da dagaci ne, liman ya ƙara da tunatarwa ranar Juma'a. Wanda zai ƙona gona ya sanar da maƙwabta, ya yi da sassafe kafin iska ta tashi, kada ya tafi sai ya tona tokar ya tabbata babu garwashi.

Ku raba aiki tun yanzu: wa zai yi shela a lasifikar masallaci, wa zai fitar da yara da tsofaffi, wa zai kwance dabbobi daga turke. A ajiye duro cike da ruwa da tulin yashi. Ana bugun wutar ciyawa da ɗanyen reshe daga gefe ko ta baya, ba a tarar gabanta. Idan fetur ne kuwa, ruwa yaɗa shi yake yi, yashi ake zubawa, in tanka ce a yi nesa. Mutanen Jigawa ba su manta da Majiya ba, garin da fiye da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar fetur a Oktoban 2024.

Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta na minti 20, ban da ƙwai ko manja ko man goge baki, sannan a wuce da shi asibiti.